Jakar Malamin Fata

A shekarar da na fita takabar mijina na baro Magarya na dawo gidanmu a Wurno, a shekarar hannun Baba ya fara rawa. Zamanin Turawa ne, ko da yake mu a unguwarmu ba mu cika ganinsu ba, sai dai ma'aikatansu. Baba baduku ne, ubansa baduku, kakansa ma haka. Gafaka, zabirar wanzamai, kuben wuƙa, rigar laya, duk abin da ake yi da fata yana yi. Baƙon da ya zo ziyara hubbare ya tambayi inda zai sami gafaka ta kirki, ƙofar gidanmu ake nuna masa.

'Ya'ya maza uku Inna ta haifa masa, babu wanda ya kai yaye. Ni kaɗai na tsaya. Tun ina ƙarama nake zama kusa da shi ina tsintar guntayen fata. Ya bar ni na riƙe basilla, babbar allurar dukanci, ya bar ni na koyi yanka da ɗinki da rini, amma bai taɓa kiran abin koyo ba. Wasa yake ce masa. Ko ranar da na ɗinka gafaka sukutum ina budurwa, juya ta ya yi a hannu ya ce, "Wasan ga naki ya yi kyau."

Da na dawo na tarar da abin da babu wanda ya gaya mini. Baba na karɓar aiki a zaure, hannuwansa cikin aljihun riga, ya yi raha da baƙo, baƙo na fita sai ya shigo cikin gida ya ce hasken zaure bai ishe shi ba. Ya ajiye aikin kusa da tabarmata, bai ce yi ba, bai ce bari ba, ya wuce masallaci. Ni kuwa in ɗauka in yi. Da safe ya kwashe ya fita da shi, ina jiyo mutane ta bango suna cewa hannun tsoho sai ƙara kyau yake yi. Haka muka yi damina guda, ni da shi ba mu taɓa ɗaga maganar ba. Ban ji haushi ba a lokacin, don ina son aikin fiye da yabo, kuma ina tausayinsa. Mutum ne da ko tuntuɓe ya yi sai ya waiga ya ga ko wani ya gani.

Haushin ya zo ne wata rana da Inna ta kai masa fura. Ya ce da ita, da ƙarfi yadda zan ji, in an gama kaka zai aika wa ɗan ƙaninsa da ke Goronyo ya zo ya ɗauki kayan aiki. Kayan aikin nan suna cikin wata tsohuwar zabira da ta yi baƙi don tsufa: wuƙaƙe uku, basilla manya da ƙanana, ƙarafan buga ado, da ɗan dutsen goge fata da ya yi santsi a hannun mutum uku.

"Kayan gado ba su zama hannun mace," in ji shi. "Gobe in tay yi wani aure sun bar gida."

"To, Goronyo cikin gidan ga take?" in ji Inna.

Ya ɗauki furarsa ya sha. Ni kuwa ranar na karya basilla guda don haushi. Na san ɗan ƙanin nan nasa. Manomin albasa ne na gaske, Allah ya ba shi, amma in ya ɗinka rigar laya sai ka tausaya wa layar. In zabirar nan ta tafi, abin da ya rage mini shi ne kaɗin auduga da surfe, kuma dukanci ya mutu a gidanmu ina da rai, ina da hannu biyu lafiyayyu.

Gero ya nuna, ana shirin girbi, sai ga malamin fata ya yi sallama. Ma'aikacin En'e ne, yana yawon kasuwanni a kan kekensa, daga Rabah zuwa Wurno zuwa Goronyo, yana duba fatun awaki: ko an shanya su a inuwa, ko wuƙar mahauci ta huda su. Wadda ta yi masa ya buga mata hatimi. Mutumin kirki ne, amma bakinsa ba ya riƙe ruwa. Abin da ya gani a wannan kasuwa, shi zai ba da labari a ta gaba, kuma tun da fata ce aikinsa, in ya ce baduku ya iya, ya iya ke nan, in ya ce bai iya ba, magana ta ƙare.

Akwai wata 'yar kafa a bangon zaurenmu ta wajen cikin gida, inda azara ta taɓa zama. Ta nan na leƙa. Ya ajiye jaka gaban Baba, irin wadda ban taɓa gani ba: ta fatar shanu mai kauri, ruwan ƙasa, da makulli a gaba. Baturen da ya yi aiki a ƙarƙashinsa ne ya bar masa ita da zai koma gida, kuma a cikinta yake ɗaukar hatiminsa da takardunsa. Hannun jakar ya cinye, ya tsinke gefe ɗaya, an ɗaure da igiyar rama. Ba ɗinki ne ya riƙe hannun ba. Ƙusoshi huɗu ne na jan ƙarfe masu faɗin kai, biyu a kowane gefe, sun nutse cikin fatar.

"Baba, na kai ta Rabah," in ji malamin. "Badukun can yas sa basilla ƙarƙashin kan ƙusa shi ɓanɓare, duba abin da yay yi mani." Ya nuna tsaga kusa da ƙusa ɗaya, tsawon gaɓar yatsa. "Na kai ta Goronyo, maƙeri yac ce sai ya sa mata wuta. Nic ce jakata ba garma ta ba. Kowa nit tambaya, sai shi ce in ba tsohon Wurno ba, babu."

Na ga Baba ya dubi jakar, hannuwansa na cikin aljihu. Ya kamata ya ce wannan ba aikin baduku ba ne, babu wanda zai zarge shi. Amma an ce masa in ba shi ba babu, kuma ya daɗe bai ji irin wannan magana da kunnensa a kan aikin da ba a riga an yi ba.

"Bar ta, Malam," in ji shi. "Jibi in ka komo daga Goronyo ka ishe ta."

In jakar nan ta ƙara tsaga ɗaya a gidanmu, kasuwa uku za su ji, Baba ya bar sana'a da kunya, zabira kuwa ta tafi tun ba a gama girbi ba.

Ya shigo da ita ya ce Inna ta ba shi ruwa a babbar ƙwarya. Dabararsa ta dukawa ce, kuma ba ta taɓa ba shi kunya ba: a jiƙa fata ta yi laushi, a ja ta, rami ya buɗe, kan ƙusa ya zame ya fita. Na sa hannu na taɓa jakar. Fatar ta tsufa, ta bushe, ta sha wani mai na Turawa har tana ƙyalli. Na san in ta sha ruwa za ta yi tabo, in ta bushe ta farfashe.

"Baba, kada a jiƙa ta," na ce.

"Hwata hwata ta, ko daga ina tah hito."

"A ba ni ita yau kaɗai. In na kasa, gobe a jiƙa."

"Mi kinka sani ga ƙarhe?"

Inna na riƙe da ƙwaryar ruwan ta ce, "Rabinta ɗiyar maƙera ta, in ka manta."

Gaskiya ta faɗa. Inna 'yar gidan maƙera ce, kuma shekara talatin Baba na tsokanarta da cewa danginta masu baƙin hannu ne, ita kuma tana ce masa danginsa warin jima suke yi. Ya harare ta, ya harare ni, ya ce lokacin azahar ya yi. Ya fita ya bar jakar kusa da tabarmata. A yarenmu ni da shi, wannan izini ne.

Na zauna ina juya ta. Duk mazan da suka taɓa ta daga waje suka tunkare ta, inda kan ƙusa ke ƙyalli. Na buɗe na duba ciki, ba a ganin komai, don an yi mata shafi da wani yadi mai kauri, an ɗinke da keken ɗinki, ɗinki a jere ƙanana ƙanana kamar an auna. Nan na gane abin da ya hana su. Dukawanmu na jin nauyin ɗinkin keke. Baba da kansa yakan ce ɗinkin Bature ba a taɓa shi, in ka warware ba ka iya mayarwa. Ni kuwa mace ce, warware ɗinki da mayar da shi na yi shi a tsumma tun ban san dama da hagu ba. Na sa bakin ƙaramar wuƙa na riƙa tsinke zaren ɗaya bayan ɗaya, ban taɓa yadin ba.

Da shafin ya ɗaga sai na yi dariya ni kaɗai. Ashe akwai wani siririn ƙarfe shimfiɗe a ƙarƙashin fatar, daga wannan gefe zuwa wancan, kuma ƙusoshin ta cikinsa suka ratso. Ko da an jiƙa jakar shekara guda, ƙarfen nan ba zai buɗe ba. Kowace ƙusa kuma an zura mata ɗan zobe ta baya, an daddake bakinta ya baje a kan zoben ya riƙe shi. Abin da ya riƙe jakar duka bai fi ƙwayar dawa ba. In an goge wannan bajajjen baki, zobe ya fita, ƙusa ta fita, fata ba ta ji komai ba.

Na yafa zane na ɗauki kaskon da nake zuwa da shi maƙera. Zuwana can ba baƙon abu ba ne, don wurin Kawu, wan Inna, muke karɓar kashin maƙera, dattin da ƙarfe ke bari a wuta, da muke haɗa kuloko da shi, baƙin rinin da ake yi wa fata ado. Na same shi yana gyaran lauje. Na gaishe shi, na zana masa ƙusar a ƙasa da yatsa, na gaya masa komai.

"Ƙarhe cikin hwata," in ji Kawu. "To, aikin wa na? Bature dai bai iya raba sana'a ba. Kawo ta nan in buge maki su, bugu ɗai ɗai."

"Bugunka na lauje na, Kawu. Magagari nika so ka ara mani. Ƙaramin."

Ya ajiye guduma ya dube ni. Magagari shi ne ƙarfe mai ƙaiƙayi da ake goge ƙarfe da shi, kuma wannan ƙaramin daga Sakkwato ya sayo shi, ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa. Maƙeri ba ya ba da aron kayan aikinsa, balle ga gidan dukawa, balle ga mace.

"Ubanki ya san kin zaka roƙon masu baƙin hannu?"

"Bai sani ba. In ya ji, ni ka shan hwaɗa, ba kai ba."

Ya yi dariya har ya yi tari. Ya ɗauko magagarin daga cikin tsumma, amma bai miƙo ba sai da ya kafa wata tsohuwar ƙusa a kututture ya ce in goge ya gani. Na goga gaba da baya kamar mai wankin tukunya. Ya ce ba haka ba, tura gaba kawai ake yi, a ɗaga a dawo, kuma in ƙarfe ya yi zafi a dakata. Sai da na cinye kan ƙusa biyu ya yarda.

Sannan ya tambaye ni abin da ban yi tunani ba. In na cire tsofaffin, da me zan mayar? Baƙin ƙarfe zai yi tsatsa ya ci fata, shi kuma ba shi da jan ƙarfe ko na magani. A hannuna na hagu akwai warwaro ɗaya na jan ƙarfe, mijina ne ya saya mini shekarar farko ta aurenmu, kuma shi kaɗai na baro Magarya da shi wanda hannunsa ya taɓa. Na zare shi na ajiye a kan uwar maƙera. Zuciyata ta yi zafi, ba zan ɓoye ba, har na ji ƙwalla.

"Kin tabbata, ɗiyata?" in ji Kawu, wannan karon babu wasa a muryarsa.

"Yanke, Kawu. Huɗu, kaurin tsinken tsintsiya uku."

Washegari da hantsi na shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu. Na huda murfin gwangwani na ɗora a kan ƙusar farko, bakinta kaɗai ya leƙo, don kada magagari ya zame ya ci fata. Na fara turawa. Jan ƙarfe na zuba kamar garin barkono. Baba ya fito da buzunsa ya zauna can gefe, ya ba ni baya, yana jan tasbaha. Tunda nake ban taɓa ganinsa yana lazimi da hantsi a tsakar gida ba.

Garaje ya so ya kashe ni a ta farko. Na manta gargaɗin Kawu, na yi ta gugar ba hutawa, sai na ji ƙaurin fata. Na taɓa ƙusar, ta ƙona mini yatsa. Baba bai waigo ba, amma tasbahar ta tsaya.

"Mi ka ƙauri?"

"Ba komi, Baba."

Na jiƙa bakin tsumma na ɗora a kan ƙarfen kaɗai har ya huce. Allah ya rufa asiri, ɗan duhu kawai fatar ta yi a ƙarƙashin zobe, inda babu mai gani. Daga nan na koma tura goma, hutu ɗaya. Gaɓar yatsana ta saɓule a gefen gwangwani, na ɗaure na ci gaba. Rana ta kusa tsaka na sa farce a ƙarƙashin zoben, ya ɗago ba gardama. Na ɗauko tsohuwar ƙotar hauya, na daidaita kan ƙusar a bisa ramin ƙotar, na ɗora wata ƙusa mai dakakken baki a bayanta, na ƙwanƙwasa sau biyu. Ta faɗa ta ramin ta buga kasko. Ramin da ta bari a fatar kewayayye ne, lafiya lau.

Inna ta kama hanci za ta yi guɗa, Baba ya ce, "Ba biki aka yi ba." Amma ya juyo. Na ɗauki ƙusar da zobenta na sa masa a tafin hannu. Hannun na rawa, ƙarafan na ƙara a ciki, karon farko ke nan da ya bar ni na gani a fili. Ya daɗe yana dubawa.

"Ashe biyu na," in ji shi. "Mu muna ta hwaɗa da guda."

Ta biyu da ta uku ba su ba ni wuya ba, hannuna ya gane hanya. Ta huɗu ce matsala, wadda badukun Rabah ya tsaga gefenta. Duk turawar da na yi sai ƙusar ta motsa, tsagar ta buɗe baki tana neman ƙaruwa. Na danne da gwiwa, bai yi ba. Inna ta riƙe, ta ce tsoro take ji, ta saki. Ina zaune ina cizon leɓe sai na ga inuwa a kaina. Baba ne ya jawo buzunsa. Ya zauna gabana, ya tuɓe takalmi, ya sa tafin ƙafarsa biyu ya matse jakar yadda dukawa ke riƙe aiki, babban yatsa a daidai bakin tsagar. Ƙafar Baba ba ta rawa. Na goge ƙusar nan kamar an kafa ta a dutse, ta fita, tsagar ba ta ƙaru da ko ƙwayar gero ba.

Daga nan aikin ya koma namu na gado, kuma Baba ya manta yana fushi. Shi ya zaɓi ƙirgi, wato jemammiyar fatar shanu, da za a yi sabon hannu da shi, ya ce in yanka ta gadon baya, ba ta ciki ba, don fatar ciki tana miƙewa. Na naɗe ƙirgin a kan tufkakkiyar igiya, na lulluɓe da jar fatar akuya, na ɗinke ta ƙasa inda tafin hannu ba zai ji ba, na bi gefe da kuloko. Tsagar kuwa na yi mata maho ta ciki da siririyar fata. Amma na san ɗan zoben nan ba zai riƙe wurin da ya taɓa rauni ba, ana son abu mai faɗi mai rami a tsakiya. Muna ta dube-dube, Inna ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini anini. Kuɗin lokacin da huda a tsakiya suke zuwa. Ya zauna a kan mahon kamar don shi aka ƙera shi.

Bayan la'asar sai ga Kawu da kansa, wai ya zo karɓar magagarinsa. Rabonsa da wuce zaurenmu tun sunana. Ya kwance tsumma, ga ƙusoshi huɗu sababbi suna ƙyalli, ga ƙaramar guduma. Shi da Baba suka gaisa kamar surukai na gaske, kowa na duban gefe. Kawu ya zura ƙusar farko ya ɗaga guduma, na ce ya ba ni. Ya ba ni, yana faɗa mini a hankali a hankali, a bi gefe a kewaya, ba tsakiya ba. Maƙeri na ba da umarni ta dama, baduku na riƙe da jaka da ƙafa ta hagu, suna musu a kan wanda ya fi sanin abin da nake yi. Kafin magariba huɗun sun zauna. Da safe na mayar da shafin, na bi ramukan keken ɗaya bayan ɗaya da allura, ban huda sabo ko guda ba.

Malamin fata ya iso da hantsi, ƙafarsa duk laka daga hanyar fadama. Ni ina bayan bango, idona a kafa. Ya ɗauki jakar ya juya, ya shinshina hannun kamar yadda yake yi wa fata a kasuwa. Ya zuba hatiminsa da takardunsa, ya ƙara da dutsen da ake tare ƙofa da shi, ya ɗaga ya jijjiga. Ya buɗe ya duba shafin, ya bi ɗinkin da yatsa.

"Ta ina kab bi, Baba? Ba a taɓa ɗinkin ga ba."

"An taɓa shi."

Ya lalubi wurin tsagar ya ji tudu. Baba ya gaya masa anini ne a ciki. Malamin ya yi ta dariya, ya ce yanzu jakarsa ba za ta taɓa zama babu ko anini ba. Sannan ya gyara zama ya ce, "Gobe Rabah za ta ji. Na hwaɗa masu tsohon Wurno daban na. Baba, hannunka bai tsuhwa ba."

Na san abin da zai biyo baya, don na ji shi damina guda: Baba ya ce alhamdu lillahi, baƙo ya tafi. Na riga na shirya zuciyata. Jaka ta gyaru, Baba bai ji kunya ba, na ce wannan ma ya isa, ko da yake ƙarya nake yi wa kaina, bai isa ba.

Sai na ga Baba ya zaro hannuwansa daga aljihu ya miƙa su gaban malamin, a cikin hasken ƙofa. Suna rawa kamar ganyen rama.

"Duba, Malam. Hannun ga ya daɗe da aje aiki. Ɗiyata tay yi. Ita tag gano hanyar, ita tac cire, ita tam mayar. Ni ƙahwa kaɗai nis sa."

Malamin ya dubi hannun, ya dubi jakar. Bai yi dariya ba.

"Gahwakar da nis saya nan da damina hwa?"

"Ita ta."

"To, Baba, mi kaka so in hwaɗa? Ka san bakina."

"Don na san shi nih hwaɗa maka. Ka hwaɗi yadda take. Ka hwaɗa Rabah." Ya ɗan tsaya, ya mayar da hannuwansa kan gwiwa, bai ɓoye su ba. "In ka koma Goronyo ma ka hwaɗa."

Har Goronyo ya ce, da kunnena na ji. Na zauna a gindin bangon nan na toshe baki da gefen zane, ina kuka ina dariya. Daɗin da na ji ranar ban ji irinsa ba ko ranar aurena, kuma ba na jin kunyar faɗa. Inna ta leƙo daga madafa ta tambaye ni da ido, na ɗaga mata kai kawai. Wannan karon ta yi guɗarta har ƙarshe, babu wanda ya hana ta.

Na share fuska na koma tabarmata kafin ya shigo, na ɗauki wata rigar laya ina yi kamar ɗinki nake. Na ji ƙarar keken malamin ya tafi. Baba ya shiga ɗakinsa ya ɗan jima, ya fito da tsohuwar zabirar a ƙarƙashin hammata. Ya ajiye ta kusa da tabarmata, daidai inda yake ajiye mini aiki, bai ce yi ba, bai ce bari ba. Ya kai bakin zaure sannan ya tsaya, bai waigo ba.

"Wuƙa ta biyu tana son washi," in ji shi. "Kada ki bar ta haka nan, kayanki na."

Na zuba tsofaffin ƙusoshin nan huɗu a aljihun zabirar na ciki, na tashi na ɗauko dutsen washi.